Labarin Mai Injin Niƙa da Na Karanta wa Aji

Ko da zan tsufa har in manta inda na ajiye haƙorana, wata Juma'a ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina koyar da adabi a wata sakandare a Kafanchan.

Duk Juma'a, kafin yara su fita yankan ciyawa, nakan zaɓi labari ɗaya cikin waɗanda suka rubuta in karanta wa aji. Ni kuwa ba na karatu salin-alin. Muryar tsohuwa, ta ɗan sanda, har kukan akuya ina yi. Kuma ba na duba labarin tukuna, wanda rubutun hannunsa ya fi kyau shi nake ɗauka.

Ranar na ɗauki na wata 'yar aji biyar mai shiru-shiru, wadda in tana magana sai ka kasa kunne kamar mai sauraron tafiyar tururuwa. Labarin wata yarinya ne da gwaggonta ta aike ta niƙan masara. Mai injin yakan yi tari sau biyu kafin ya ce, "Ƙanwata, shigo ciki, akwai rana." Ni gwani, na yi tarin, na maƙale murya. Aji ya ɓarke da dariya. Wani daga baya ya ce, "Sa, ai mun san shi! Na bayan kasuwa ne."

Layi na gaba ya ce mutumin ya rufe ƙofa, ya bar injin yana ruri don kada a ji ihunta. Dariya ta ɗauke. Bakina kuwa kamar motar da birkinta ya tsinke a gangaren Kagoro, ya ƙi tsayawa. Na karanta inda gwaggo ta ce, "Me ya kai ki ciki?" da inda dattawa suka ce a rufa asiri. Na kai har ƙarshe, inda samarin unguwa suka ɗaure shi a ciki suka cinna wa shagonsa wuta.

Da na ɗaga kai, yarinyar da ta rubuta labarin ta kifa fuska a kan benci, samarin ajin kuma sun fice, kowa da langalangar yankan ciyawa a hannu. Ba su fi ashirin ba, amma a idona dubu ne. Na kwasa da gudu, tumbina na gaba ina binsa, na riga su bakin get ɗin makaranta, na ware hannuwa.

Babbansu ya ce, "Sa, ka matsa! Ai ta rubuta abin da za a yi mishi."

Na ce, "Yesu! Ku kashe mutum, ku ruɓe a kurkuku, ita kuma sunanta ya zaga gari?"

Ko a jikinsu. Sai ga yarinyar ta iso, idanu jawur. Ta ce, "A takarda na ƙona shi, don a gidan gwaggona da nake zaune ba a yarda da ni ba. Yanzu duk kun ji, amma ba wanda ya tambaye ni abin da nake so."

Babban nasu ya sauke langalanga. "To, sista, me kike so?"

"Ina so mamana ta ji daga bakina. Kuma wani babba ya zauna kusa da ni."

Washegari ni da wata malama muka raka ta Gwantu wurin uwarta. Uwar ta yi kuka, ta ɗaura zane, ta ce a wuce asibiti, daga nan wurin 'yan sanda. Shari'ar ta yi tafiyar hawainiya, amma ta kai. Na roƙi yarinyar gafarar tona mata asiri da na yi. Sai da ta yi wata guda kafin ta sake gaishe ni, ban kuwa ga laifinta ba.

Abin da na koya shi ne, in yaro ya rubuta labarin ramuwa da wuta, ba ashana yake nema ba. Wanda zai zauna ya saurare shi yake nema.