Tsofaffin Sista Talatu a barandar Bishop

Shekarar da aka haifi ƙanwata, kakarmu Inna ta zo daga gida don ta kama wa Mama wankan jego. Muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Pantai Dalam, hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene, Baba yana fama da digirinsa na uku. Inna ta ce ƙasar da ruwa ke sauka kullum bayan la'asar ba ta da tarbiyya, don haka ba ta fita. Da an idar da magariba sai ta baje a gaban fanka, ni da ƙanena Sadik mu zauna mata a ƙafa.

Mun fi son labarin Sista Talatu. Inna ta ce 'yar Katolika ce daga wani ƙauye kusa da nasu, gajeriya, ba ta taɓa aure ba, kuma muryarta ta fi jikinta girma. Ta ga tsofaffin da ba su da mai kula da su suna kwana a rumfunan kasuwa, sai ta je wurin Bishop neman izinin tara mata irinta su riƙa jinyarsu. Bishop ya ce ta jira. Ta jira damina biyu.

Wata safiya ya buɗe ƙofa zai je karin kumallo, ya tarar da tsofaffi tara a barandarsa, Sista tana bayansu. Ba su roƙi komai ba, gaisuwa kawai suka zo yi. Kowane ya tambaye shi kwana, da gajiya, da sanyi, da aiki, har da iyali, shi da ba shi da mata. A cikinsu akwai wani kurma, Baba Ɗanjuma, wanda ba ya jin amsa, sai ya sake farawa daga farko. A nan Inna takan kwaikwayi muryarsa har ɗankwalinta ya zame.

"Ba zai kore su ba lah?" in ji Sadik, da salon maganar 'yan ƙasar da ya kama masa baki.

"Kai da lah ɗinka. Wa ya isa ya kori mai gaisuwa?"

Haka suka riƙa zuwa kowace safiya, kwana shida shayin Bishop yana hucewa. A na bakwai ya ba ta izini, ya haɗa mata da tsohon sito. Da mata uku da tukunya ɗaya ta fara, ba ta tambayar kowa addininsa. In lokacin salla ya yi, ita ke tsawata wa Musulmin cikinsu su tashi.

Bayan rasuwar Inna, ina shekarar ƙarshe a jami'a, na tambayi Baba ko ƙirƙirar matar ta yi. Ya ce a'a, ƙungiyarta tana nan har yau. Sannan ya ce Baba Ɗanjuma mahaifin Inna ne. Kuturta ta kama shi, dangi suka guje shi, ita kuma aka hana ta zuwa wurinsa tana yarinya. A hannun Sista ya rasu, ita ce ta nemo liman aka yi masa sutura.

Na daɗe ina mamakin yadda ta riƙa ba mu dariya da abin da ya fi komai yi mata ciwo. Yanzu ina ganin ta haka kawai ta iya ambaton sunansa da ƙarfi, a gaban tattaɓa-kunnensa, ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba.