Uwaliya da Ruwan Kwazazzabo

Ƙawata Uwaliya mai daddawa ta shekara talatin tana ratsa kwazazzabon bayan Kutama a ƙafa zuwa kasuwa. Zamanin ostarati, da mota ta gagari talaka, na bi ta wata rana da damina.

Wurin da kyau, ba ƙarya: jar gaɓa ta fi soro tsayi, yashi fari tas, rana ƙwal. Ina tsokanarta cewa warin kayanta ya kori tsuntsaye, sai ta tsaya cak. Wani siririn ruwa ne ya biyo yashin, ɗauke da kashin awaki.

Ta ce, "Hanatu, hau gaɓa! An yi ruwa can tudu."

Na ce, "Wane ruwa, uwar tsoro? Ko hadari babu."

Sai rugugi daga bayanmu. Na kama gaɓar zan hau, na zame. Uwaliya ta yar da ƙwaryarta, ta sa kafaɗa ta tura ni kamar buhun gero, har na kama saiwar marke. Ta biyo ni, ambaliyar tana jan zanenta.

Daddawa ta bi ruwa. Uwaliya tana haki ta ce, "Yau kwaɗi za su sha miya."

Tun ranar ban ƙara kushe warin ba, a gabanta dai.