Florian Sroka da Giyar Bikin Jagoda

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya yi wa maƙwabcina kuma aminina Florian Sroka rasuwa a gidansa da ke ƙauyenmu na Olszanka, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ina bayan gida ina sare busassun rassan malina, wani ɗan tsiro mai ƙananan jajayen 'ya'ya masu zaƙi, sai na ji matarsa Rozalia ta kira sunana ta kan shinge. Ba ta ɗaga murya ba. "Ignacy, ajiye almakashin nan ka zo," abin da ta ce ke nan. Na ajiye na je, na tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, kansa ya ɗan karkata kamar mai gyangyaɗi. Ranar Juma'a muka kai shi makwancinsa.

Fada, limamin cocinmu, ya ce in rubuta wani abu a takardar coci, tunda na fi kowa daɗewa tare da shi. Ni tsohon direban bas ne, tsara magana ba aikina ba ne. Don haka da kai zan yi magana, Florian, kamar yadda muka saba yi ta kan shingen nan shekara arba'in da uku.

Mutanen gari sun san ka da raba wasiƙu a kan keke, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Amma duk wanda ya taɓa zama a inuwar rumfarka ta bayan gida ya san ka da wani abu dabam, wato giyar alkamar da kake dafawa da 'ya'yan malina. Daga mahaifiyarka ka gaji tukunyar tagullar, daga wurinta kuma ka koyi aikin. Kai kake jiƙa alkamarka, ka shimfiɗa ta har ta tsiro, ka shanya, ka ɓarza, ka dafa, ka tace. Idan ta tashi ta gama kumfar farko, sai ka zuba jajayen 'ya'yan da ka tsinko daga lambunka, ka rufe. Bayan mako uku sai ga ta a kofi, ja-ja, ba garau ba, da ɗan tsami a ƙarshen harshe da ƙamshin da yake tsayar da mai wucewa a hanya.

Ni nawa aikin hura wuta ne, da ɗebo ruwa, da juya muciya. Ba ka da ma'auni, ba ka da abin gwada zafi. Yatsa kake tsomawa, ka sunkuya ka shinshina, ka ɗanɗana. Sau nawa na ce maka ka rubuta abin nan a takarda.

"In rubuta me?" ka ce. "Ƙamshin zan rubuta? Kai dai juya, tsoho. Shekara talatin kana murɗa sitiyari, muciya ta gagare ka."

Sai mu yi dariya, maganar ta wuce. Yau ba na jin dariyar.

Ba ka taɓa sayar da ko kwalba ɗaya ba. Ta biki ce, da ranar baftismar jariri, da ranar gama girbi. Kuma ba a buguwa a rumfarka. Kofi biyu ne, mai neman na uku sai ka miƙa masa burodi da kokwamba mai gishiri, ka tambaye shi lafiyar iyali.

Akwai abin da mutane ba su sani ba, wanda Melchior Bąk, mutumin ƙauyenmu, da kansa ya ce in faɗa. Shekarun baya, lokacin da shaye-shaye ya kusa raba shi da matarsa da 'ya'yansa, ya daina sha, amma ya daina zuwa taro gaba ɗaya, don kunyar a miƙa masa kofi ya ce a'a. Kai ne ka je gidansa ka jawo shi. Tun daga ranar, duk bikin da ka kai giya, akwai kwalba biyu da ka ɗaure wa jan zare a wuya. Ruwan malina ne zalla da ka dafa da sukari, launinsu ɗaya da sauran. Da hannunka kake zuba masa, ya ɗaga kofinsa tare da kowa. Shekara goma sha tara kuna haka, ba wanda ya gane, har ni da nake wanke kwalaben.

Ba za mu manta shekarar da kogi ya cika ya shigo gari ba, rijiyoyi duk suka gurɓace. A lokacin kana da tsiron alkama a jiƙe, aikin mako biyu. Ka kwashe shi ka zuba wa aladu, ka wanke tukunyar, ka ɗora ta a tsakar gida. Kwana tara wutar ba ta mutu ba. Da safe ruwan sha kake tafasa wa unguwa, da rana Rozalia ta dafa miyar kabeji da dankali a cikinta. Tsofaffin da ba su iya fitowa, kai kake kai musu a kan kekenka, ruwa har gwiwa.

Sannan ga nawa labarin. Da matata Wanda ta rasu, na rufe ƙofa na zauna. Mutane sun zo da maganganu masu daɗi, sun tafi. Kai ba ka yi mini wa'azi ba. Rana ta takwas ka turo ƙofa da kwando biyu a hannu, ka ce, "Malina tana zubewa a ƙasa, ni kuma bayana ciwo yake. Tashi." Bayanka lafiya lau yake, na sani. Na tashi. Haka ka yi ta nemo mini aiki kowace safiya har rani ya wuce, har na koma cin abinci kamar mutum.

Wannan ne ya sa abin da ya faru a bana yake ci mini rai.

Da bikin Ista 'yarka Jagoda ta zo daga birni da saurayinta, aka sa ranar aure, ashirin ga Satumba. Ka kira ni ta kan shinge, fuskarka kamar ta yaro. Ka ce za ka dafa giyar da ba ka taɓa yin irinta ba, ganga huɗu, da malinar bana. Ka sayo alkama buhu biyu, ka sake wa rumfa rufi. Ranar goma ga Yuni, kana cikin ɗaure rassa a lambu, ka faɗi. Da aka dawo da kai daga asibiti bayan mako uku, ɓarin jikinka na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinka: "Tukuna." Ita ce kalmar da ka saba faɗa mini a gaban tukunya, duk lokacin da na yi garajen sauke ta. Yanzu ita ce eh ɗinka, ita ce a'a, ita ce neman ruwa, ita ce sunan matarka.

Jagoda ta ce a bar maganar giya, za a sayo ta kanti. Da ka ji, ka riƙa dukan hannun kujera da hannunka mai lafiya har Rozalia ta riƙe shi. Sai na ce ni zan dafa. Na ce ai na yi shekara arba'in ina kallo. Ashe kallo na yi kawai.

Muka turo ka a keken marasa lafiya zuwa rumfa, muka ajiye ka inda za ka ga tukunya. Na tsoma yatsa a ruwa na dube ka. Ka ce, "Tukuna." Na ƙara wuta. Ka ce, "Tukuna," da ƙarfi, idonka ya yi ja. Na rage wuta. Ka sake faɗar ta. Na tsaya riƙe da muciya ban san ko gaba zan yi ko baya ba. Kana ganin kuskurena ƙiri-ƙiri, ka san gyaransa, maganar tana nan a cikin kanka, amma ba ta da hanyar fita. Na kawo takarda da fensir na sa a hannunka na hagu. Ka daɗe kana ja, abin da ya fito layuka ne karkatattu kamar sawun kaza. Ka duba, ka saki fensirin ya faɗi ƙasa. Ban taɓa ganin hawayenka ba, ko a jana'izar mahaifiyarka, sai ranar.

Dahuwar farko ta yi tsami har ta fi ƙarfin baki. Na kai maka cokali ɗaya, ka kawar da kai. Ta biyu na yi saurin ɗurawa a kwalba, 'ya'yan ba su gama aikinsu ba. Wata Lahadi da rana muna dawowa daga coci muka ji ƙara daga ɗakin ajiyar ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Kwalba sittin sun fashe, jan ruwa ya malale har matakala. Rozalia ta tsaya a bakin ƙofa da kayan cocinta ta ce, "Ignacy, don Allah ka bari. Kai kana wahala, shi yana wahala." Na so in bari. Amma washegari da safe na hango ka ta taga, idonka yana kan ƙofar rumfa, sai na koma na hura wuta.

Ta uku ce aka kai biki. Tana shayuwa. Launinta ya yi kusa, kumfarta ta tsaya. Baƙin da suka zo daga birni sun yaba, wasu har suna tambayar wa ya yi. Mutanen Olszanka kuwa sun sha, sun ce mini sannu da ƙoƙari, ba su ƙara komai ba. Na gode musu da hakan.

Bayan an ci abinci, Jagoda ta zo da farar rigarta ta durƙusa a gaban kekenka, ta ce, "Baba, ga ta. Ta Kawu Ignacy ce, amma malinarka ce." Ta kai kofin bakinka. Ka kurɓa, ka riƙe a baki, ka haɗiye. Ka nemo ni da ido a cikin jama'a. Na matso. Ka kama hannun rigata ka riƙe, ka daɗe kana kallona, ko kalmarka ɗaya ba ka faɗa ba. Har yau ban san me riƙon nan yake nufi ba. Wata rana in ce godiya ce, wata rana in ce haƙuri kake ba ni, wata rana kuma in ce kana so ne ka gaya mini inda na ɓata, ko sau ɗaya, kafin lokaci ya ƙure. Kwana ashirin da huɗu na yi bayan bikin ina zuwa wurinka kullum, ina karanta maka jarida, ina aske maka gemu. Ban iya yi maka komai ba bayan wannan. Kai ka fitar da ni daga ɗaki lokacin da nake cikin duhu. Ni na zauna a gefenka ina kallo.

Shekaranjiya Rozalia ta sauka ɗakin ajiya don gyara wurin dankalin hunturu. A bayan buhuna ta sami kwalba bakwai, an jera su a akwatin katako, an rufe da tsohon bargo. A jikin kowace akwai rubutun hannunka da alli: Mayu. Gwajin da ka yi ne da malinar bara da ke firiji, kafin ka faɗi. Ba mu san da su ba. Ta kira ni muka tsaya a kansu. Na ce ko mu buɗe ɗaya ranar da Jagoda za ta zo. Ta girgiza kai.

"Idan an sha sun ƙare," in ji ta. "Ba zan iya ba. Ka san abin nan, Ignacy. Har yaushe za su kai?"

Giyar alkama ba ta jira, balle mai 'ya'yan itace a ciki. Wata biyar ke nan da ɗura su, ƙamshin ya riga ya fara tafiya, ba za su ga Kirsimeti da daɗinsu ba. Wannan kam ka koya mini, kuma na riƙe. Na dubi fuskarta na ce ban sani ba. Ta mayar da bargon ta rufe su, muka hau sama.

Florian, Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka cikin salamarsa. Ruwan da ka tafasa wa masu ƙishi, da asirin da ka rufa wa ɗan'uwanka, da ƙofar da ka turo mini, Allah ya sa ka same su a gabansa. Ya buɗe maka bakin da ya rufe a nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Rozalia, wadda ta yi jinyarka wata huɗu ba tare da na ji ta yi ƙorafi ba, da Jagoda da mijinta, da ƙanwarka Apolonia da ba ta samu zuwa jana'iza ba saboda ciwon ƙafa, da dukan dangin Sroka, da mutanen Olszanka baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Ni ma ku sa ni a addu'a.

Ignacy Pawlak
Olszanka