Ajimi Waya da Ranar da Layinmu Ya Watse

Duk wanda ya zauna a layinmu na Maisandari a Maiduguri ya san Ya Ajimi. In bai san sunansa ba, ya san ƙafafunsa, dogaye sirara kamar an ara wa zalɓe wando. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa shekara goma sha tara. Ko tari ya yi na san nasa ne, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

A Gwange aka haife shi. Ya yi aikin masinja a wata ma'aikata fiye da shekara ashirin. An ba shi keke ya jingine shi a bango, wai keke na ɓata masa lokaci. A nan aka sa masa suna Waya, don kafin akawu ya samu layi a tarho, Ajimi ya kai takarda ya dawo da amsa yana shan ruwa. Ya taɓa shiga gasar gudu ya ciyo kofi, kuma kofin yana nan, matarsa tana zuba allura da maɓallai a ciki. Da ya yi ritaya sai ya kama wankin hula a ƙofar gida. Ya wanke, ya sa sitaci, ya kifa su a kan kututturan itace su sha rana. Ni kuma ina gefe da teburin gorona, ina tsokanarsa yana ramawa. Haka muke.

Sai tashin hankali ya shigo gari. Wata rana sun je kasuwa sayen sabulu shi da ƙaninsa Mikail, harbi ya tashi. Kowa ya zuba a guje. Ajimi bai san lokacin da ya iso gida ba, sai da ya dafa ƙofa ya waiwaya ya ga babu kowa a bayansa. Mikail mutum ne mai jiki, ga ciwon gwiwa. Bayan kwana biyu aka samo gawarsa a asibiti.

Daga ranar Ajimi ya daina sauri. Masallaci ma sai tsofaffi su wuce shi a hanya. Shekarar da aka yanke layin waya a garin nan na ce masa, "Ya Ajimi, kasuwarka ta dawo, yanzu kai kaɗai ne waya a Borno." Ko ɗago kai bai yi ba. Ranar na ji kunya, kuma ni ba mai saurin jin kunya ba ne.

Bayan layinmu akwai wata ƙaramar kwaleji da ake koyar da malanta da aikin jinya. Tun da aka fara rikici suka rufe ƙofa, suka tara buhunan yashi, muka zama ba mu san su ba, ba su san mu ba. Samarinmu kuwa babu makaranta, babu aiki, an hana acaɓa, kuma in suka taru su biyar a bakin titi sai a fara yi musu wani irin kallo. Ana nan sai malamin wasanni na kwalejin, Malam Pindar, mutumin kudancin Borno, ya shawo kan shugabansu aka buɗe wa 'yan unguwa filin wasa da safe. Ranar Asabar ɗalibai su koya musu karatu, ƙarshen wata a fito tare a yashe kwata. Abu ɗaya ya rage, wanda zai horar da masu gudu. Wani ya ba shi labarin kofin maɓallai.

Malam Pindar ba ya sa hula. Amma sai ga shi ya sayo sabuwa dal ya kawo wanki, har da gaisuwar Barebari.

"Wushe, Baba."

"Wushe."

Ya karɓi hula bayan kwana biyu, washegari ya dawo da ita. Sau biyar yana kawo hular nan ko gumi ba ta taɓa gani ba, kuma kullum sai ya tsuguna ya ɗan yi zancen fili. A na biyar Ajimi ya ɗaga ta sama ya duba.

"Malam, in na sake wanke hular nan zare kawai za ka karɓa. Me kake so?"

"Ƙafarka nake so, Baba."

"Ƙafar nan ta gama aiki."

"To zo da bakinka, yaran suna da ƙafa."

Ajimi ya daɗe yana murza sabulu. Can ya ce zai zo, amma da sharaɗi ɗaya. Duk wanda ya riga isa ƙarshen gudu ba zai zauna ba. Zai juya ya koma wajen na ƙarshe, su iso tare. Kullum, babu fashi.

Samari sun yi gunaguni. Ina leƙe ta shingen waya, da kunnena na ji wani yana cewa, "To Baba, ina amfanin zuwa na ɗaya?"

Ya ce, "Amfaninsa kai ne mai sauran numfashi. Juya!"

Wata bakwai ana haka. Daga mutum tara suka kai arba'in, har da 'yan mata da hijabinsu da wandon gudu, wata ɗalibar jinya mai suna Najiba ce shugabarsu. Uku daga samarin layinmu suka samu shiga kwalejin. Vincent mai kemis ya ɗauki nauyin filasta da man zafi. Kwatarmu da ta shekara tana wari ta fara gudu. Amma ni abin da ya fi yi mini daɗi, wata safiya na ce da Ajimi, "Koci, yau nawa ka kashe?" sai ya ce, "Kai dai tauna goronka, ja-haƙori." Na ce alhamdulillahi, mutumina ya dawo.

To, sai suka yi shawarar fita gudu a titi, wai ana shirin gasa kuma zagayen fili ya yi kaɗan. Malam Pindar mutum ne mai bin ƙa'ida. Ya rubuta wa shugaban kwaleji takarda. Ya je shingen sojoji ya faɗa. Ya faɗa wa 'yan gora masu sintirin unguwa. Kowa ya sani, sai mu da za a bi ta gabanmu.

Wanda bai zauna a Maiduguri a shekarun nan ba sai na yi masa bayani. A lokacin in ka ga mutum yana gudu, ba ka tambaya. Gudu kake yi. In kun tsaya, kuna da rai, sai ka ce, "Malam, me ya faru?" Shi ma sau da yawa bai sani ba.

Ranar Asabar da hantsi, layi ya cika. Hajja Kaltum mai ƙosai ta zuba a mai, yara na jiran nasu, masu Keke Napep na lodi. Kawai aka wangale ƙofar kwaleji, mutum arba'in suka fito a guje.

Ban san wanda ya fara ihu ba. Na dai ga Vincent ya ja ƙofar shagonsa ƙasa da mai sayen magani a ciki. Mai lemo ya bar baro yana gangarawa shi kaɗai. Wani liman da na sani da sanda ya tsallake kwata babu sandar. Hajja Kaltum ta bar kasko a wuta ta kama zani ta arce. Ni kuwa ba zan faɗi inda na shiga ba, amma wurin yana ƙarƙashin titi kuma ruwa na bi ta ciki.

Abin dariyar, su ma masu gudun da suka ga gari ya watse ana salati, sai suka zaci wani abu ne ya biyo su ta baya. Suka ƙara wuta. Mutane suka ga sun ƙara wuta, su ma suka ƙara. Kowa na gudun kowa.

Daga inda nake ina hango ƙafafu. Na ga dogayen nan guda biyu a tsakiyar taro, sun kai wajen bishiyar darbejiya ta mahaɗa, sai suka tsaya cak. Suka juya. Ajimi ya nufo baya, wajen da kowa ke tserewa, yana ratsa mutane. Na gaban da suka riga shi isa bishiyar su ma suka juya. Ɗaya, biyu, goma, duka arba'in ɗin. Suna kwasar yaran da aka bari a titi. Wani ya sauke kaskon mai daga wuta. Hajja Kaltum ta faɗi ta gurɗe ƙafa, Najiba da wata suka ɗaga ta suka kai inuwa, aka ɗaure da gyale. Ajimi kuwa ya tarar da dattijo Ba Dzarma mai gyaran agogo, gurgu ne, yana zaune a tabarmarsa shi kaɗai ya rufe ido yana jiran abin da zai zo. Ya goya shi ya taho da shi.

Kafin a gane babu komai, motar sojoji ta iso, kuma ba da fara'a ba.

Ranar Litinin aka kira zama a ƙofar gidan Bulama Madu, mai unguwarmu. Shugaban kwaleji ya zo da kansa. Ya ce Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma da wani ya ɗana bindiga fa? Shi ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ra'ayinsa a rufe ƙofa kamar da, kwaleji ta tsaya a cikin katangarta. Malam Pindar ya miƙe ya ce laifinsa ne, a hukunta shi a bar fili.

Na dubi Ajimi. Yana zaune a gefen tabarma, kai a ƙasa, hannu a kan gwiwa, daidai zaman da ya yi shekara biyu a ƙofar gida bayan rasuwar Mikail. Na san in aka rufe ƙofar nan, ba fili kaɗai aka rufe ba.

Sai ga Hajja Kaltum tana ɗingishi, an riƙo ta. Kowa ya gyara zama. Bakin Hajja a layinmu ko 'yan gora suna kauce masa.

"Ina Waya? Kai, ɗago ka dube ni. Da furfurarka! Kun je kun faɗa wa soja, kun faɗa wa masu gora, ni da nake bakin ƙofar shekara goma sha biyu ba ka faɗa mini ba? Ni itace ce? Ƙulluna ya zube, zanina ya yage, jikokina sun ga ina gudu suna ta kwaikwayona a tsakar gida!"

"Ki yi haƙuri, Hajja."

"Ban gama ba." Ta juya wajen shugaban. "Ranka ya daɗe, kai ne mai rufe ƙofa? Sau huɗu ina gudu a garin nan. Na gaske, ba irin na shekaranjiya ba. Sau biyu na faɗi, aka bi ta kaina. Ban ga laifin kowa ba, ni ma na tsallake wasu. Amma ba a taɓa dawowa an ɗauke ni ba sai ranar Asabar. Tambaye su, sun san wasa ne?"

Shugaban ya dubi Najiba. "Kun san babu komai?"

"Wallahi mun zaci gaske ne, ranka ya daɗe. Ni har na fara kalmar shahada."

"To me ya dawo da ku?"

Ta dubi Ajimi. "Ƙafa ce ta saba."

Daga inda aka ajiye shi Ba Dzarma ya ce, "Ni dai ban taɓa hawa abin da ya kai bayan mutumin nan ƙashi ba. Amma in za a sake, shi nake so." Aka fashe da dariya, har Bulama ya cire tabarau yana share ido.

Shugaban ya daɗe yana juya makullin motarsa. Daga ƙarshe ya ce ƙofa za ta zauna a buɗe. Amma masu gudu za su sa riga ruwan ɗorawa, kuma ba za a fita titi ba sai unguwa ta sani. Bulama ya ce zai sa a yi shela a masallaci, Vincent ya ce zai faɗa a coci. Hajja ta ce duk wahala ce, a faɗa mata kawai ranar Alhamis, kafin la'asar har Gwange sun ji. Ba wanda ya musa.

Da aka watse Ajimi bai tashi nan da nan ba. Na ga yana goge fuska da hannun riga, sai na juya ina gyara goron da bai buƙaci gyara ba.

Da yamma ya leƙo teburina riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, duk laka.

"Yara sun tsinci wannan a bakin kwalbati. Sun ce mai shi ya wuce su duka arba'in ɗin kafin ya shige. Ko ka san shi?"

Na ce ban taɓa ganin takalmin ba.

"To in ka gan shi ka ce ya zo fili ranar Asabar, muna neman irinsa. Amma ka gaya masa a wajenmu ana dawowa."

Ya ajiye mini shi a kan tebur ya nufi masallaci. Kafin in lalubo ɗaya ƙafar a ƙarƙashin benci in bi shi, har ya sha kwana.