Kwalba Huɗu ta Nonon Uwa

Tun daga nesa mai binciken kaya a filin jirgi take kallon tsohuwar. Siririya ce, takalmi ya yi mata yawa, mayafi yana zamewa amma babu hannun gyarawa. Jaririn yana goye a bayanta. Keken tura shi kuwa kaya ta loda masa, har da gwangwanin madara da ba a fasa ba. Wata 'yar jakar ƙanƙara ce kaɗai take rungume da ita kamar za a ƙwace.

"Mama, ɗora komai a kan injin."

Komai ta ɗora, ban da jakar.

"'Yata, injin nan ba ya ɓata nono? Na uwarsa ne. Kwalba huɗu ta samu ta tatsa."

Mai binciken ta karɓa ta duba da hannu. "Ina uwar?"

Tsohuwa ta nuna da haɓa. Can bayan gilashi wata matashiya ce tsaye cikin rigar aiki, gaban rigar ya jiƙe, ko hannu ta kasa ɗagawa. Wataƙila hutun haihuwa ne ya ƙare, wataƙila inda take aiki ba a son kukan yaro.

"In kwalaben sun ƙare fa, Mama?"

"Sai ya saba," in ji tsohuwa, tana ƙara ɗaure goyon. "Ita ma watanta uku na kai ta wurin tawa uwar."