Bagaruwar Baba

Shekarar da gwamnatin soja ta ƙara wa ma'aikata albashi, ni ƙaramin akawu ne a wani ofis da ke Sama Road. Kuɗi ya shigo gari. Na sayi babur, mai shagon da ke kusa da ofishinmu kuma ya sayi firij. Kullum sai na sha lemon kwalba biyu, shayina kuwa sukari ƙwaya shida da madarar gwangwani. Na watsar da asuwaki na koma buroshi, ina dirza da ƙarfi don a san ni ɗan boko ne.

Ba a shekara ba haƙorana na ƙasa suka fara zogi. Ko ruwan randa na kurɓa sai na dafe kunci.

Mahaifina majemi ne a Unguwar Rogo, ya haura saba'in a lokacin. Wata Juma'a bayan masallaci na je gaishe shi, aka kawo fura mai sanyi, na kasa sha.

"Mi as same ka?" in ji shi.

Na gaya masa, na ce gobe zan je asibiti.

"Awo? Da ni za a. In ga wanda za shi cire wa ɗana haure."

Ni dai na san babur yake son hawa. Da safe ya ɗare bayana, ya riƙe hularsa da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga wa duk wanda muka wuce. A Gawon Nama sai da ya sa na tsaya ya gaisa da wani mai goro abokinsa.

Likitan Bamisire ne, Hausarsa kame-kame. Ya duba bakina, ya ce dasashina ya ja baya, gindin haƙora ya fito fili. Shi gindin ba shi da tauri kamar sama, shi ya sa sukari ke cinsa. Haƙori ɗaya ya riga ya rarake, sai an cike.

Baba ya yi dariya daga kan benci. Likita ya waiwaya, ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Malam, zo ka zauna nan."

Baba ya hau kujerar ya wangale baki. Likita ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, yana ta "Masha Allah". Ya kira ma'aikatan jinya biyu su zo su gani. Ni mai ciwon aka bar ni tsaye.

"Da me kake wankewa?" likita ya tambayi Baba.

Baba ya laluba aljihu ya fito da asuwakin marke da 'ya'yan bagaruwa guda uku.

"Wagga ita muka jimar fata da ita," ya ce, yana nuna bagaruwar. "Abin da ka ɗaure fatar akuya ta ƙi ruɓewa, dasashi ab bai iyawa? A dahwa ta, a tace, in ta huce a kurkure baki sahe da marece. Kak a haɗiye."

Likita ya sansana, ya ɗan tauna, bauri ya kama shi ya yamutse fuska, duk muka kwashe da dariya. Ya ce in bi maganar Baba, amma in riƙe buroshi mai laushi, in kuma rage zaƙi. Sannan ya cike mini haƙorin.

Matata ce ta riƙa dafa mini bagaruwar a wata 'yar tukunya. Makon farko bakina kamar na tauna ɗanyar ayaba. Kafin wata biyu dasashin ya daina jini, zogin ya lafa. Lemo ya koma na ranar Juma'a kawai.

Baba kuwa ya samu aboki. Duk bayan 'yan makonni sai ya cika ƙwarya da bagaruwa ya ce in kai shi wurin "likitana". Su zauna suna haɗa Larabci da Hausa, ni ina jira a inuwa. Haka muka yi har Bamisiren ya koma ƙasarsu, da ƙullin bagaruwa da jar fata guda da Baba ya jeme masa da hannunsa.