Mutanen da Aka Datse daga Hotunan Wenzu

Kwamitin baje kolin tarihi da aka kafa don bikin cocin garinmu na bana ya ari hotuna ɗari uku da goma sha biyu a hannun Wenzu Darmanin, ya datse gefunansu da almakashi, ya shafe bayansu da gam, ya manna su a kan kwali. Abin da Wenzu ya yi shekara arba'in yana rubutawa a bayan hotunan nan yana ƙarƙashin gam yanzu. A cikin abin da almakashin ya cinye har da mahaifinsa.

An haifi Wenzu a 1934 a nan kudancin Malta, tafiyar rabin awa a ƙafa daga filin jirage na Hal Far, inda sojan ruwan Ingila ke ajiye jiragen samansu lokacin yaƙi. Mahaifinsa Karmnu lebura ne a filin. Idan an yi ruwan bama-bamai su ne masu cike ramuka da shebur, idan jirgi ya sauka su ne masu tura shi zuwa maɓoyarsa ta duwatsu. A bazarar 1942 aka kawo shi gida cikin akwati, fada, limamin coci, ya ce kada a buɗe. Hoton aurensa, wanda shi kaɗai ne hotonsa da aka sani, ya tafi tare da ɗakin da ya rufta a watan da ya biyo baya. Wenzu yana da shekara takwas. Ya girma yana tuna hannuwan uban da warin tabarsa, fuskar kuwa ta ƙi zama.

Ya yi walda shekara talatin da takwas a tashar gyaran jiragen ruwa. A can ne wata rana ya ga wani Baturen Ingila yana share ɗakin ajiya, ya watsar da tarin hotuna a kwandon shara. Wenzu ya tsince su. Duk jirage ne, irin masu fukafukai biyu sama da ƙasa, jikinsu yadi ne aka ɗame a kan ƙarfe, waɗanda ake kira Swordfish. Shi bai kalli jiragen ba. Idonsa ya tafi can gefe, inda wasu mutane ke tsaye ba takalmi, wando ɗaure da igiya, hannu a kan fiffike. Namu ne. Ba wanda ya ɗauke su hoto da gangan, sun dai faɗo ciki ne saboda suna wurin aikinsu.

Daga nan ya kamu. Ya riƙa rubuta wasiƙu zuwa ga masu tara irin waɗannan hotuna a Ingila, suna musaya ta gidan waya. Ya koyi abin da su suka damu da shi, lambar da ke jikin wutsiya, rundunar da jirgin yake, ranar da ya faɗi teku, har suka riƙa tambayarsa idan sun yi gardama. Tsofaffin matuƙa da ke zuwa ziyara duk shekara sukan faɗa masa sunan kowane Bature a hoto har da garinsu. In ya ɗora yatsa a kan na gefe sai su ce, “Ai waɗannan 'yan gari ne.”

Saboda haka duk Lahadi bayan an fito coci sai ya sa hotuna goma a aljihun kwat, da gilashin ƙara girma da fensir, ya hau bas. Yana bin ƙauyuka yana neman tsofaffin mata masu zama a bakin ƙofa. A wajenmu suna kaɗai ba ya nuna mutum, don kowane layi akwai Karmnu biyar da Salvu bakwai. Sai an haɗa da laƙabin gidansu. Wenzu ba ya rubuta komai sai baki biyu sun yarda a kan suna da laƙabi da ƙauye.

“Inna, duba mini wannan mai hular.”

“Matso da shi, kai ma ka san idon ya tafi. Wannan ai Salvu ne na gidan Masu Alade. Ya nemi aurena, na ce ya fara wanka tukuna.”

“Ya yi wankan?”

“Bam ya riga shi. Rubuta, ka daina yi mini dariya a ƙofar gida.”

In baki na biyu ya tabbatar, sai ya juya hoton ya rubuta da fensir, daidai bayan inda mutumin yake tsaye. Biro yana cin takarda, in ji shi. Matarsa Pawlina ta yi ta fama da shi ya kwafe sunayen a littafi.

“Tsoho, kana zuba komai wuri guda. In gobara ta tashi fa?”

“Littafi yana rabuwa da hoto, Pawlina. In na mutu a ba wannan littafi, a ba wancan hotuna, an koma gidan jiya. Sunan mutum a bayansa ya kamata ya zauna.”

“To ni ma rubuta nawa a bayana, ko ka tuna kana da mata ranar Lahadi.”

Ya yi kuskure, ita ke da gaskiya. Amma bai taɓa zaton akwai mai ilimin da zai ga rubutu a bayan hoto ya shafa masa gam ba.

A 1988 wata gwauruwa a Ingila ta aiko masa da hotunan marigayi mijinta. A ɗaya daga ciki, can ƙarshen hagu, wani mutum ya riƙe bakin fiffike da hannu ɗaya, rabin kafaɗarsa ma a waje take. Wenzu ya kai wa gwaggonsa Vitor, ƙanwar uban, tana da shekara tamanin da ɗoriya. Ba ta ko karɓi gilashin ba. Ta ce, “Ka ga kunnuwan nan kamar murfin tukunya? Karmnu ne. Naka ma haka suke, jeka madubi.” Duk da haka sai da ya nemo baki na biyu, wani tsohon leburan filin a gidan tsofaffi, kafin ya rubuta. Yana da shekara hamsin da huɗu ya ga fuskar ubansa, girmanta bai kai ƙwayar wake ba.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya buge shi. Ya tashi, yana tafiya da sanda, amma sunaye suka fara zubewa. Yakan kira jikarsa da sunan uwarta. Bai damu sosai ba, yakan nuna akwatunan takalman da hotunan ke ciki ya ce ƙwaƙwalwarsa tana can.

Shugaban kwamitin, Lauya Psaila, shi ya zo da kansa. Ya sha shayi, ya ci burodi da tumatir da man zaitun, ya yaba aikin har Wenzu ya rasa inda zai sa kansa. Pawlina ta ce a ba su guda ashirin kawai. Wenzu ya ce a'a, jikokin mutanen nan duk za su zo biki, gara kowa ya ga nasa. Ya roƙi abu ɗaya, a kwafe abin da ke baya a sa a ƙarƙashin kowane hoto.

“Baba, ka kwantar da hankalinka,” in ji lauyan. “Mu ma masu son jiragen nan ne.”

Nan ne matsalar, da an lura. Jirage suke so.

Ranar buɗewa Wenzu ya sa kwat ɗin da ya aurar da 'yarsa da ita. Zauren ya yi kyau, ba a musu. Kwalaye baƙaƙe a jere, kowane hoto girmansu ɗaya, kowane jirgi a tsakiya ɗas. A ƙasa an buga irin jirgin da lambarsa da shekara, ba kuskure ko ɗaya. Ya bi layi na farko da na biyu yana jan ƙafa. A layi na uku ya tsaya. Ga jirgin, ga fiffiken. A bakin fiffiken yatsu huɗu ne suka rage.

Pawlina ce ta jawo sakataren kwamitin da hannun riga.

“Kai ɗan gidan Mai Kalanzir, ina mutumin da ke nan?”

“Inna, daidaita su muka yi. Gurbin duk girma ɗaya ne, wasu hotunan sun yi faɗi. Gefe kawai muka rage, ba mu taɓa jirgi ko ɗaya ba.”

“Na ga ba ku taɓa jirgi ba. Jirgin ne ya haife shi?”

Wenzu ya tambaya a hankali, “Guntayen fa, ɗana?”

Sakataren ya ce an share, motar shara ta kwashe tun Talata. Ya ƙara da cewa an ɗauki hoton komai a kwamfuta. Da aka matsa shi ya amsa cewa bayan an datse aka ɗauka, kuma gaban hoton kawai. Rubutun baya ya gani, ya ɗauka lissafin tsoho ne na kansa, ga kuma lokaci ya ƙure.

Wenzu ya sa farce a kusurwar wani hoto ya ɗaga kaɗan. Takardar ta rabu biyu, fatar baya ta zauna a kwali da rubutun a cikinta. Ya sake ta. A lokacin wata mata ta matso da 'ya'yanta biyu, ta ce an gaya mata kakanta yana cikin hotunan, wanne ne? Wenzu ya san ya taɓa zama a ƙofar gidansu. Ya dubi mutum uku da suka tsira a ƙarƙashin cikin wani jirgi, ya daɗe yana dubawa, ya ce ta yi haƙuri.

Tun a ranar Pawlina ta sayi littafin da ta yi shekaru tana cewa a saya. Kullum da safe takan zaunar da shi a kicin ta ce ya faɗi duk sunan da ya zo. Ba hotunan a gabansa, ba abin da zai kama. Sunayen da ya rubuta sun haura ɗari takwas. Cikin wata biyu sun samo arba'in da ɗaya, wasu ba laƙabi, wasu kuma yau ya ce na wannan ƙauye ne gobe ya ce na wancan. Matan da suka faɗa masa duk suna maƙabarta. Kwalayen suna kulle a ɗakin ajiyar zauren, bango mai danshi, tare da tutocin biki. An je karɓo su sau uku, an ce sai kwamiti ya zauna bayan zafin bazara ya wuce.

Lauya Psaila da sakatarensa da sauran 'yan kwamiti biyar da suka sa hannu a wannan aiki, ku buɗe ɗakin nan cikin makon nan ku kai kwalayen gidan Darmanin, kada wani cikinku ya gwada ɓamɓare ko ɗaya. Ku nemo wanda ya san aikin raba tsohuwar takarda da gam, ko daga wace ƙasa, ku ɗauki nauyinsa. Kafin ya iso, ku riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kuna zama da tsohon da safe, lokacin da kansa ya fi washewa, ku riƙe masa hoto ku rubuta abin da ya faɗa. Hoton mai yatsu huɗu kuwa, duk inda za a sake rataye shi, ku buga a ƙarƙashinsa cewa Karmnu Darmanin ne ke riƙe da fiffiken, kuma ku ne kuka datse shi.